Sabis Daga Tsallaken Titi

Shagon labule ba ya rasa motsi. Ko an rufe ƙofa sai ka ga yaduka suna lilo a kan sandunansu, wannan ya kumbura, wancan ya lafa, kamar masu barci suna numfashi. Mai shagon ta saba da haka har ba ta lura. Ta daɗe a nan tana auna tagogin mutane tana yi musu sutura, tun mijinta yana da rai yana hawa tsani yana ɗaura mata sanduna, har Allah ya yi masa rasuwa ta koma kiran kafinta. Duk layin Mai Labule ake ce mata, ita ma in ta buga wa wani waya da haka take gabatar da kanta.

Intanet kuwa ba ta da nata, na aro take mora. A tsallaken titi, daidai saitin ƙofarta, akwai shagon Mai Tabarau, wani dattijo siriri da ke magana a hankali kamar yana tsoron fasa gilasan da ke kewaye da shi. Shi ma matarsa ta rasu da daɗewa. Ya sa intanet ne saboda yana tura awon idon mutane zuwa wurin masu yanka gilashi. Wata rana ya hango ta a bakin titi tana ɗaga waya sama tana juyi, ya leƙo ya ce, "Maƙwabciya, ga nawa nan yana zuba a banza. Ki riƙa ɗiba mana." Tun daga ranar take ɗiba.

Sai dai sabis ɗin yana da halinsa. Ba ya shiga can ciki inda kekunan ɗinki suke. Iyakarsa gaban taga, wani ɗan fili tsakanin teburin yanka da farin labulen da ta rataye don masu wucewa su gani. A nan ta ajiye kujera. Da hantsi, in rana ta ratso farin yadin nan ta zubo mata a cinya, sai ta zauna ta buɗe imel a wayarta, ta karanta saƙon masu otal da masu sabbin gidaje. Ba ta san ta inda saƙo ke bi ya iso ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. A ranta dai ta ɗauka shagon Mai Tabarau suke fara sauka, ya goge su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙyallen nan nasa mai laushi, sannan ya sako su su tsallako titi ta saman motoci. Shi ya sa ko saƙon ƙorafi ne ba ya yi mata zafi sosai.

Kuma kowace Litinin Mai Tabarau yana canza kalmar sirri. Ya ce wani ɗan'uwansa ne ya ja masa kunne, wai in ba a canzawa 'yan layi za su shanye masa. To ya tura mata sabuwar ta waya mana? A'a, ya ce irin wannan abu ba a tura shi, hannu da hannu ake yi. Saboda haka kowace Litinin da safe Mai Labule sai ta kakkaɓe zaren da ya maƙale mata a riga, ta gyara mayafi, ta ɗauki waya ta tsallaka.

Shagonsa duk madubai ne. In ta shiga sai ta ga kanta ta gaba, ta gefe, har ta baya, mata da yawa masu mayafi iri ɗaya suna shigowa a tare. Ya karɓi wayar, ya shiga danna haruffa da yatsa ɗaya, ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Kafin ya gama ruwan shayi ya tafasa a ɗakin ciki. In sun sha sai ya ce, "Tunda kin zo, bari mu duba idon nan." Ya zaunar da ita a doguwar kujera, ya ɗora mata firam ɗin tabarau mai nauyi a hanci, ya riƙa zura gilasai yana zarewa. Ta cikin wani sai titi ya yi nisa, motoci su koma ƙanana suna tafiya ba ƙara. Ta cikin wani kuma shagonta ya matso har tana iya ganin ɗinkin bakin farin labule.

"Wannan ko wannan?"

"Na farkon. A'a, tsaya, Malam, maimaita na biyun."

Idon nan dai lafiyarsa ƙalau. Macen da ke zura zare a allura ba tare da ta matso taga ba, me za a duba mata? Amma ba ta taɓa cewa a bari ba, shi ma bai taɓa rubuta mata tabarau ba.

Da haka ake tafiya har ƙanwar Mai Tabarau ta kwanta rashin lafiya a wani gari. Ya rufe shago, ya kashe wuta, ya tafi jinya. Sabis ya ɗauke. A cikin kwanakin ne wani otal ya turo mata awon tagoginsa gaba ɗaya, yana neman amsa da gaggawa. Kafin maƙwabci ya dawo ta ga saƙon, an ba wani aikin.

Ita ta ce rabo ne, ba nata ba ne. Autarta kuwa ba ta ɗauke shi da sauƙi ba. Auta tana aikin ofis a ɗaya gefen gari, da mijinta da 'ya'yanta, ranar Asabar take leƙo uwar. Ta ji labari ta dire jaka a teburin yanka.

"Mama, kayan aro ba ya rufe katara. Shago guda, a ce sai maƙwabci ya kunna wuta sannan ki san ana nemanki? Kuma adireshin imel ɗin nan, don Allah. Ina 'yar makaranta na buɗe miki shi, da sunan magenmu. Magen ta mutu tun yaushe, amma har yau manajan otal ita yake rubuta wa."

"Ai tana amsawa," in ji uwar.

"Ta amsa a makare."

Asabar ta gaba Auta ta zo da kwamfutarta, ta ture almakashi da tef gefe, ta zaunar da uwar ta yi mata bayani dalla-dalla. Maganar imel ba ta ja ba. Akwai na kyauta, akwai wanda ake biya duk shekara ya zo da sunan shago, da wurin ajiye manyan hotuna, da wanda za a kira in ya lalace. Auta ta rubuta sunan shagon a allon kwamfuta don a ga yadda zai fito. Mai Labule ta tsura masa ido. Sunan da mijinta ya rubuta da fenti a saman ƙofa ne, yau ga shi a tsaye da ƙananan haruffa, tsaf da shi. Ta ce, "Wannan a yi shi." Auta har ta yi mamaki.

A kan intanet ne keken ya cije. Kamfanoni uku Auta ta zaɓo. Na farko waya suke jawowa daga turken titi su huda bango su shigo da ita, ba ya rawa ko ana ruwa. Na biyu ɗan akwati ne mai layin waya a ciki, a jona shi a wuta kawai, amma in jama'ar unguwa sun taru a kansa sai ya riƙa jan ƙafa. Na uku faranti ne a kan rufi mai kamo sabis daga sama, ya fi dacewa da wanda ke bayan gari.

Uwar ta saurara da kyau, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yi musu aibu. Na waya zai ɓata bango. Akwati zai yi zafi kusa da yadi, yadi kuwa ba ya wasa da zafi. Faranti kuma tsuntsaye za su mayar da shi gida, su ɓata mata rumfa.

"Mama, to wanne kike so?"

"Bari in yi tunani."

Ba tunanin da za ta yi. Ta riga ta san aibinsu, kuma guda ɗaya ne: babu wanda ake tsallaka titi a karɓo. Wannan kuwa ba maganar da uwa za ta faɗa wa 'yarta ba ce. Ita kanta ba ta taɓa faɗa wa kanta ba sai ranar, tana naɗe wani shuɗin yadi bayan Auta ta tafi. Ta ji kunya, mace da jikoki. Ta kuma ji tsoro, don in aka ɗauke mata Litinin ba ta san da me za ta riƙa auna mako ba.

Da Litinin ta zo ta tsallaka kamar kullum. Ta bari sai da ya fara danna haruffa sannan ta ce, kamar maganar ba ta dame ta ba, "Auta ta matsa sai na sa nawa intanet ɗin."

Yatsansa ya tsaya a kan wayar. Can ya ci gaba.

"Yarinyar tana da gaskiya," ya ce. "Abin da ya faru da aikin otal ɗin nan bai yi min daɗi ba ko kaɗan. Ki sa na waya, Maƙwabciya. Shi ne ba ya ba da kunya."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya miƙo mata wayar da hannu biyu. Sun sha shayi, amma ranar bai ce a duba ido ba, ita ma ba ta tuna masa ba. Ta tsallako titi ranta a ɓace, tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta da ta sa ran zai ce wani abu daban. Ashe ita kaɗai take kiɗanta take rawarta. Tana shiga shago ta kira Auta ta ce a turo masu jawo wayar intanet ɗin.

Mai haɗa wayar ya zo ranar Asabar da hantsi, da tsani a kafaɗa da naɗin waya a hannu. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, irin waɗanda bakinsu ba ya hutawa ko suna riƙe da ƙusa a haƙori. Ya zaga shagon yana duba wayarsa, yana neman inda zai kafa akwati. Da ya iso gaban taga sai ya tsaya.

"Mama, wannan sabis da ke shigo miki ta nan na wane ne?"

"Na maƙwabcina ne, mai tabarau."

Ya ɗage farin labulen ya leƙa. Sai ya yi dariya.

"Af, Baba ne! Ai ni na haɗa masa. Ga akwatin can ma, kin gan shi? A bayan gilashi, tsakanin tabarau, mai 'yar koriyar fitila."

Ta duba. Ta sha ganin fitilar nan tana ƙyaftawa, ta ɗauka ado ne.

"A ɗakin ciki na kafa masa shi, kusa da inda yake aiki," mai wayar ya ci gaba, yana warware naɗinsa. "Ba a jima ba ya sake kirana, wai in ƙara waya in fito da shi nan gaba, jikin taga. Na ce Baba, in na kawo shi nan, ɗakinka na ciki ba zai samu ba, bango biyu ne a tsakani. Ya ce ba komai, shi yana son ya riƙa ganin fitilar. To mai abu da abinsa. Da yana can ciki, ko ƙofarsa sabis ɗin ba zai wuce ba, balle ya tsallako wannan ƙaton titi."

Mai Labule ta shiga tuna yadda take hango dattijon kowace rana yana fitowa daga ɗakin ciki rungume da kwamfuta, ya tsaya a bakin kantar shago yana aiki a tsaye, mutumin da ke fama da ciwon gwiwa. Ita a zatonta haske yake nema.

Ta gyara murya. "Kalmar sirrin nan fa, dole ne a riƙa canza ta kowane mako?"

"Kowane mako?" Ya cire ƙusa daga baki. "Ba laifi ba ne, Mama, amma wa ke da wannan lokacin? Ki sa mai ƙarfi guda ɗaya, ki riƙe ta, shi ke nan."

Auta tana tsaye a bakin teburin yanka, ta ji komai. Ta dubi uwar, ta dubi tsallaken titi, ta sake duban uwar. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar Mai Labule kuwa ranar ba ta iya rufe komai ba. Auta yarinya ce mai baki, amma Allah ya ba ta hankali. Ta matso ta rage murya.

"Mama, in kina so a dakata, sai a dakata."

Uwar ta daɗe tana kallon koriyar fitilar. Da a ce jiya ne, da ta kama wannan igiya da hannu biyu. Yanzu kuwa ta san abin da aron nan yake ci wa mai shi.

"A'a," ta ce. "A huda bangon."

Aka huda. Ƙura ta tashi, suka lulluɓe yaduka da tsofaffin zannuwa, shagon ya koma kamar gidan da masu shi suka yi tafiya. Kafin la'asar an gama. Aka kafa sabon akwati a saman shiryayyen zare, Auta ta zaɓi kalmar sirri ta sa wa uwar a waya, ta nuna mata sabon adireshinta. Sabis ya cika shago. Yana wurin kekuna, yana bayan naɗin yaduka, har banɗaki yana nan. Auta ta tura mata saƙon gwaji daga inda take tsaye, kafin ta sauke hannu ya iso.

"Kin gani? Kamar ƙiftawar ido."

"Na gani," in ji uwar. Abin ya yi kyau, ba ta musa ba. Sai dai saƙon ya zo mata da sanyi, kamar bai biya ta hannun kowa ba.

Lahadi ba ta buɗe shago ba. Litinin ta zo da wuri, ta share sauran ƙurar bango, ta yaye zannuwa, ta ɗaura zare a keke. Wayarta ta yi ƙara tun tana can ciki, wani mai sabon gida yana tambayar labulen falo. Ta amsa masa a zaune a gaban keke, abin da ba ta taɓa yi ba. Aiki ya tafi daidai, babu abin da ya rage a nema a waje.

Rana ta hau, ta ratso farin labule, ta zuba a kan kujerar gaban taga. Mai Labule ta je ta zauna, don ƙafarta ta saba. Ta gefen yadin tana hango shagon tsallake. Ya buɗe. Yana goge gilashin ƙofa, wuri ɗaya yake ta gogewa, bai ko ɗago ya dubi wannan gefen ba.

Ta ɗauki wayar. Za ta iya cewa sabon ya ƙi aiki. Za ta iya cewa tana son ta riƙe nasa saboda ko-ta-kwana, ba wanda zai ga laifinta. Ko kuma ta ce idonta ne yake mata yaji. Ta jera dalilan nan a ranta ta duba su, kowanne zai shige, kuma kowanne ƙarya ne. Ta gaji da zuwa da ƙarya a hannu, shi kuma ya tare ta da tasa.

Ta buɗe aljihun tebur, ta sa wayar a ciki tare da allurai, ta rufe. Ta kakkaɓe riga, ta gyara mayafi.

Titin ya yi mata faɗi ranar. Motoci suna wucewa a hankali, ƙararsu kamar daga nesa. Ta tura ƙofar gilashi, matan madubi suka shigo tare da ita, dukkansu hannu wofi.

"Maƙwabciya," ya ce. "Na ga an haɗa miki."

"An haɗa."

"Yana aiki dai?"

"Har banɗaki."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai yana ninke ƙyallensa. "Ni kuma da safen nan na canza kalmar. Sai da na gama na tuna ba mai karɓa." Duk da haka ya miƙo hannu, yadda ya saba, don ta ba shi wayar. Ya ga ba ta riƙe da komai. Hannun ya tsaya a tsakaninsu.

"Malam," ta ce, "ka mayar da akwatin nan ɗakin ciki. Ka daina aiki a tsaye, gwiwarka ba ta son haka."

Ya juya ya dubi akwatin, ya dawo da idonsa kanta, ya gane ta sani. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa, ga shi kuma duk inda ya juya madubi ne.

"To," ya ce a hankali. "Zan mayar." Ya janye hannunsa. A yadda ya faɗi kalmar ta ji ya ɗauka sallama ta zo yi.

Ta wuce shi ta je ta zauna a kujerar da take zama kullum, ta gyara zamanta sosai.

"Ba ka ɗora ruwan shayi ba ne?"

"Na ɗauka ba abin da zai kawo ki."

"Ba abin da ya kawo ni," ta ce. "Zuwa na yi."

Ya tsaya yana kallonta, dattijo da furfurarsa, kamar an zura masa gilashin da ya dace da idonsa karon farko. Sannan ya nufi ɗakin ciki da sauri har yana tuntuɓe. Ta ji ƙarar buta, ta ji ruwa yana zuba. Daga can ya ɗago murya, yana ƙoƙarin ya sa ta fito kamar ta kullum.

"Ke nan Litinin mai zuwa ma in ɗora?"

Mai Labule ta dubi shagonta ta cikin gilashi, labulaye suna lilo su kaɗai, ba abin da ya same su don ta fita.

"Wa ya ce maka sai Litinin?" ta ce.